Tsohuwar Beyar Da Na Rufa Wa Asiri

Bahaushen farko da na haɗu da shi a ƙasar Turawa shi ne ya sace mini jaka. A filin jirgin Oslo ne, babban birnin Norway, inda zan jira wani jirgin tun daga hantsi har la'asar. Ya ji ina waya da matata Hassana, ya tsaya yana murmushi, ina kashewa ya miƙo hannu ya tambaye ni daga ina. Na ce ni mutumin Ƙarfi ne ta Malumfashi, amma a Funtuwa nake sana'a. Ya ce ai shi ma ya sha zuwa yankinmu sarin masara. Wallahi sai na ji kamar in rungume shi. Da azahar ta yi ya nuna mini wata kusurwa da zan yi salla, ya ce in bar babbar jakar zai kula da ita. Na sallame, babu shi babu jaka.

Allah Ya taimake ni fasfo da kwamfuta suna cikin 'yar jakar da ke bayana. Abin da ya tafi da shi rigar sanyi ce, da takalmi mai kauri, da garin kuka, da yajin da Hassana ta kwana biyu tana dakawa. Takalmin da rigar na daɗe da yafe masa. Yajin ne har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Sunana Mannir. Shekara tara na yi a shagon hoton Oga Kayode, Bayaraben da aka haifa a Funtuwa, wanda in yana faɗa da Hausa ko ɗan gari sai ya ja baya. Aikina gyaran hoto a kwamfuta, kuma ba yabon kai ba, in dai a kan farin kaya ne ban san wanda ya fi ni ba a duk kudancin Katsina. Ango ya sa farar shadda a tsakiyar rana, kyamara ta mayar da shi kamar buhun gari, ni zan zauna in fito da kowane zare na aikin wuyan rigar. Wannan ne ya kai ni inda ya kai ni. Ina ɗora ayyukana a intanet, sai wata Baturiya mai suna Madam Karin ta gani. Tana da ɗan kamfani mai kai masu yawon buɗe ido cikin jirgin ruwa su ga namun daji a tsibiran Svalbard, can ƙarshen arewacin duniya, kuma mai gyara wa baƙinta hotuna ya ajiye aiki ana gab da fara kakar yawon buɗe ido. Ta aiko mini da hotunan dusar ƙanƙara don gwaji. Na yi musu abin da nake yi wa shadda. Ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya san fari haka ba.

Sharaɗinta a bayyane yake. Gwajin mako shida, tafiya uku a jirgin ruwa. Ɗakin da zan zauna na kamfani ne, kuma a tsibirin nan wanda ba shi da aiki da wurin kwana ba ya zama. In ban ci gwajin ba, gida. Gidan kuma ban bar komai a ciki ba, don kafin in taso Oga Kayode ya riga ya ba wani kujerata, kuma rabin Ƙarfi sun zo yi mini sallama kamar mai tafiya Hajji. Ban san da wace fuska zan dawo musu bayan mako shida ba.

Garin da na sauka sunansa ya fi ƙarfin bakina, ni dai Longiya nake ce masa. Babu bishiya ko ɗaya, ko ta maganin ciwon kai. Duwatsu ne baƙaƙe da farin hula, da gidajen katako masu launi, da iskar da take shiga mutum har ƙashi, wai kuma wannan shi ne lokacin zafinsu. Rana ba ta faɗuwa, zagaye kawai take yi a sama kamar ta rasa ƙofar fita. Sai da na buga wa limaminmu waya, ya ce in bi agogon Makka in yi sallolina, Allah Ya san inda nake. Abu guda da ya kwantar mini da hankali shi ne cire takalmi suke yi kafin su shiga gida, har otal da wasu ofisoshi. Na ce to, ashe dai da sauran tarbiyya a wurin nan.

Wanda ya zo tarbata dattijo ne dogo mai farin gemu, yana ɗan ɗingishi. Sunansa Arne, shi ne babban jagoran jirgin, mai riƙe bindiga in an sauka ƙasa saboda dabbobi. Ya dube ni cikin 'yar rigata ta Funtuwa haƙorana suna haɗuwa, bai tambaye ni komai ba. Ya biya da ni gidansa, ya fito da tsohuwar rigar sanyinsa da takalmi da safar hannu, ya ɗora mini a cinya, ya ja mota. Na yi ta zuba godiya, shi kuwa ko waiwayowa bai yi ba. Tun ranar na fara ce masa Baba Arne. Ya tambayi ma'anar Baba, na gaya masa, ya ce to, ba laifi.

A jirgin ruwa kwana biyun farko ban san inda kaina yake ba. Mutumin da babban ruwan da ya sani shi ne dam ɗin Mairuwa, ga shi a kan tekun da ke ɗaga jirgi tana sauke shi ba hutu. Mai dafa abincin jirgin, wata 'yar ƙasar Thailand da nake kira Anti Nok, ita ta cece ni. Ta kawo mini ruwan citta mai zafi, ta gano ba na cin naman da suke ci, ta ware mini kasko guda ta ɗaura masa jan zare don kada kowa ya taɓa. Kifi take soya mini da shinkafa. Ranar da na ba ta labarin yajina, ta buɗe wata kwalba da ta ɓoye a bayan gwangwanaye, ta zuba mini barkonon ƙasarsu. Na ci ina hawaye, ta ɗauka zafin barkonon ne, na bar ta a haka.

Watan Yuli ne. Na san a gida masara ta kai ƙugu, mahaifina yana can yana faɗa da ƙannena a kan takin zagaye na biyu. In na fito saman jirgi na ga ƙanƙara iya ganina, sai in rufe ido in nemi ƙanshin ƙasa bayan ruwan sama. Babu shi. Wurin nan ba shi da ƙanshin komai sai na man inji.

Aikin kuwa yana tafiya. Baƙi suna kawo mini katin kyamarorinsu, in kwafe hotunan a kwamfuta in mayar musu da abinsu, in gyara haske, in daidaita, ranar ƙarshe a nuna mafi kyawu a majigi. Tsuntsaye ne da duwatsun ƙanƙara, ba abin da za a yi musu sai haske. Madam Karin tana wucewa ta bayana tana gyaɗa kai. Abin da kowa ya biya kuɗin jirgi don ya gani, wato farin beyar, bai fito ba tukuna. Dabba ce da ta fi bijimi tsawo in ta miƙe, kuma ita ce sarkin wurin.

Sai in faɗi dokokin Oga Kayode guda biyu, don su suka kai ni suka baro. Ta farko, ba wanda zai fita shagonsa da hoton da zai ba shi kunya. Angon da ya kwashe damina yana noma ya zo a rame, sai mu cika masa kumatu. Amarya mai ƙuraje mu share mata. Dattijon da hularsa ta yage mu ɗinke masa ita a kwamfuta, ba tare da ya roƙa ba, kuma ba za mu gaya masa ba. Ta biyu, in an gama gyara, hoton asali a goge shi, a wanke katin. Wata shekara hoton wata amarya na asali ya fita gari, danginta suka cika shagon, tun daga nan Oga ya ce abin da kyamara ta gani amana ce, ba a ajiye shi. Shekara tara ina yin haka, har hannuna ya daina tambayata.

Rana ta biyar muka shiga wani lungun teku mai tsit. Ƙa'ida ce kafin baƙi su sauka, Baba Arne zai fara zuwa a kwalekwalen roba ya duba bakin gaɓa. Ranar ya ce in zo in riƙe masa igiya. Muna zagayo wani dutse ya kashe inji farat ɗaya, ya ɗora madubin hangen nesa a ido, ya daɗe bai sauke ba. Sannan ya miƙo mini.

Na yi zaton zan ga abin da nake gani a hotuna, fari sol, mai ƙiba. Abin da na gani tsohuwar beyar ce. Gashinta ya yi ruwan ɗorawa da datti, ƙasusuwan ƙugunta sun fito, fatar ciki tana reto. Kunnenta na hagu rabi ne, ga wani baƙin tabo ya ratsa tun daga ido har hanci. Tana tsaye tana cin ciyawar teku da ruwa ya watso gaɓa, dabbar da abincinta nama ne. Tausayi ya kama ni, har na ji kunyar kallonta.

Baba Arne ya ce shekara goma sha takwas ke nan ya san ta, kuma shekara biyu rabon da ya gan ta, har ya fitar da rai. Bai cika ɗaukar hoto ba, amma ranar ya zaro wata tsohuwar kyamara daga cikin riga ya ɗauka sau uku. Kafin ya yi na huɗu hazo ya sauko, ta juya a hankali ta hau bayan tudu. Aka soke saukar baƙi. A duk jirgin ba wanda ya gan ta sai mu biyu. Da muka koma ya ba ni katin, ya ce in gyara masa wanda ya fi fitowa, zai nuna ranar ƙarshe. A wurin Anti Nok na ji cewa wannan ce kakar aikinsa ta ƙarshe, gwiwoyinsa sun gaji.

Na ce a raina yau zan biya wannan dattijo rigarsa. Ban taɓa zama a kan hoto kamar yadda na zauna a kan wannan ba. Na wanke mata gashi har ya zama fari kamar sabuwar auduga. Na cika mata ƙugu da kafaɗu, na ɗage cikin. Na ɗauko kunnen dama na juya shi na gina mata na hagu, gashi bayan gashi. Na share tabon, na cire ciyawar daga bakinta, na sa mata haske a ido. Kwana uku ina yi. Da na gama na goge ukun na asali daga kwamfuta, na wanke katin, har washegari na ɗauki tsuntsaye da shi don in tabbatar yana aiki kafin in mayar masa.

Ranar ƙarshe bayan abincin rana aka taru a babban ɗakin jirgi. Aka nuna tsuntsaye, aka nuna ƙanƙara. Da hotona ya cika allo, ɗakin ya ɗauki tafi. Wata tsohuwa ta dafa ƙirji. Ni kuwa ina bayan majigi kaina ya kumbura, ina neman idon Baba Arne.

Bai tafa ba. Ya miƙe da ƙyar, ya matsa kusa da allon, ya tsaya. Sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ba ita ba ce."

Tafin ya mutu. Wani likita Bajamushe ya ɗaga hannu ya tambaya ko haka aka yi wa nasa hotunan. Madam Karin ta yi dariyar yaƙe, ta ce kuskure ne, Mannir zai nuna na asali yanzu. Ni da wautata, da fara'a na amsa mata. Na ce kada ta damu, na asalin na goge shi, katin ma na wanke, ba wanda zai taɓa ganin halin da take ciki.

Baba Arne ya dube ni sau ɗaya, ya fita. A lokacin ne na san na yi ɓarna, duk da ban gama gane laifin ba tukuna.

Madam ta ganar da ni a ofishinta. Ta ce mutanen nan suna ƙetaro duniya ne don su ga abin da yake akwai, in aka ji kamfaninta yana ƙera dabbobi a kwamfuta ta gama yawo. Ta ce da don tata ce, da jirgin sama na gaba zan bi. Amma abin da na lalata ba nata ba ne, na Arne ne, don haka shi zai yanke. Tafiya biyu suka rage. Duk abin da ya ce a ƙarshensu, shi za ta yi. Kafin nan an hana ni riƙe katin kowa, ita za ta kwafe ta ba ni, kuma ba hoton da zai fita sai ta gani.

Na gwada duk dabarar da na sani ta dawo da abin da aka goge. Tsuntsayena kawai suka yi ta fitowa, sun kwanta a kan hotunan tsohuwar.

Da muka dawo Longiya na samu waya na kira mahaifina. A gida in ka yi wa babba laifi irin wannan, dattijo ake nema ya raka ka ba da haƙuri, ni kuwa a tsibirin nan ba ni da dattijo sai wanda na yi wa laifin. Da na gama ba shi labari sai da ya yi dariya har da tari, wai dabba na yi wa kwalliyar amarya. Sannan ya nutsu ya ce, "Mannir, ka je da ƙafarka. Kada ka ce masa kuskure ne, tunda da gangan ka yi. Ka gaya masa abin da ya sa ka yi, ka yi shiru. In ya ce ka dawo, ka dawo, gona tana nan." Hassana ban gaya mata ba. Ta tambaye ni ya aiki, na ce lafiya lau, na tambaye ta ko masara ta fara goyo.

Tafiya ta biyu ita ce mafi tsawo a rayuwata. Baba Arne bai wulaƙanta ni ba, da ma ya yi da na ji sauƙi. In mun haɗu zai gyaɗa kai ya wuce. Ya daina kirana riƙe igiya. Ga ni kullum cikin rigarsa, don ba ni da wata. Anti Nok ta ce kada in bi shi da yawan ban haƙuri irin namu, mutanen nan magana da yawa tana ƙara musu fushi, in jira sai ya tsaya da kansa. Ta riƙa ƙara mini kifi, kamar ƙoshi zai rage wani abu.

Madam Karin, duk da fushinta, ta zauna ta koya mini. Ta ce in cire abin da kyamara ta ƙara, kamar ɗigon ruwa a gilashi ko shuɗin da inuwa take shafa wa ƙanƙara, amma abin da dabbar ta zo da shi ba nawa ba ne. Ina iya yanke gefen hoto, in mayar da shi baƙi da fari, in danne sama don ido ya tafi inda nake so. A nan gwanintar take, in ji ta. A tafiyar muka ga wani ƙaton namijin beyar a kan ƙanƙara ya kama abincinsa, bakinsa da ƙirjinsa jajir da jini. Wata baƙuwa ta ɗauke shi hoto da kyau. Da hoton ya zo gabana hannuna har ƙaiƙayi yake in wanke masa baki. Na zauna a kan hannun. Na duhunta ruwan da ke bayansa, na fito da kowane gashi kamar zaren shadda, na bar jinin da ɗorawar gashin yadda suke. Madam ta daɗe tana kallo, ta ce wannan ya fi wanda aka tafa wa. Na ji haushi da ta faɗa, don na san gaskiya ce.

Ana gobe za mu koma gari na samu Baba Arne shi kaɗai a bayan jirgi yana naɗe igiya. Na tsaya gefe har ya ɗago. Na ce, "Baba, ba kuskure na yi ba, da gangan na yi. A garinmu in tsoho ya rame don yunwa, ba a bari baƙo ya gani. Za a sa masa riga mai kyau, a zaunar da shi, a ce lafiyarsa ƙalau. Da na ga tana cin ciyawa, ban so a haska ta a gaban mutanen da suka gama cin abinci ba. Na san yanzu ba hurumina ba ne. Abin da na goge maka ba zan iya dawo da shi ba."

Ya ci gaba da naɗe igiyarsa. Can ya fara magana, idonsa a kan ruwa. Ya ce tabon nan a gabansa ta same shi, wani namiji ya zo cinye mata 'ya'ya biyu ta tare shi, kuma ta tsira da ɗaya. Kunnen kuma a wata shekarar da ƙanƙara ta narke da wuri ya tafi. Da su yake gane ta daga nesa. Ya ce, "Duk abin da na sani game da ita, shi ka share." Ya rataye igiyar ya shiga ciki. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

A tafiya ta uku na riga na haɗa 'yar jakata. Na ma tsara abin da zan gaya wa mutanen Ƙarfi, cewa sanyi ne ya kore ni. Rana ta shida jirgi ya sake shiga lungun tekun nan. Ina zaune gaban kwamfuta aka ƙwanƙwasa ƙofa, Baba Arne ne, ya ce in zo in riƙe igiya.

Tsuntsaye muka fara gani, sun taru a bakin gaɓa, ba nisa da inda muka bar tsohuwar beyar. Tana kwance a gefenta, kanta a kan ƙafar gaba. Ko ba madubi na ga rabin kunnen. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ban ma san na faɗa a fili ba. Baba Arne ya cire hularsa a cikin wannan sanyin. Kyamarar tana cikin rigarsa, bai zaro ta ba. Ya kira jirgi ta rediyo ya ce a sanar da hukumar tsibirin, kuma kada a kawo baƙi nan. Muka koma jirgi. Ni dai na san yanzu hoton ƙarshe da aka yi mata tana raye ni na hallaka shi, kuma ba za a sake wani ba. Ban ga dalilin da zai sa mutumin nan ya bar ni a jirginsa ba.

Da safiyar ranar da za mu isa gari Madam Karin ta kira mu ofis mu biyu. Ta ce wa Baba Arne lokaci ya yi. Ni ya juyo ya tambaya ko hoton da na gyara ɗin yana nan. Na ce yana nan. Ya ce in buɗe.

Na buɗe. Ga ta ta cika allo, fara, cikakkiya, kunnuwa biyu, fuska ba tabo. Ya jawo kujera ya zauna, ya sa tabarau, ya daɗe har Madam ta fara duba agogo.

Sannan ya ce ranar da ya fara ganinta, a kan ƙanƙara take ita kaɗai, ba ta kai ga haihuwa ba. Lokacin ba ya yawo da kyamara, yana ganin ai kullum za ta kasance a nan. Ya nuna allon da haɓa ya ce, "Haka take."

Ya ce in buga masa shi babba, amma a ƙasa in rubuta sunana, in rubuta cewa zane ne ba hoto ba, kada wani ya ruɗu. Ya juya wurin Madam ya ce, "Ki bar shi. Ya koya. Shekara goma sha takwas ina kawo mutane suna leƙa ta, ni ma a ciki, shi kaɗai ne ya ji mata kunya." Madam ta dube ni ta saman tabarau, ta ce in na sake goge ko hoton tsuntsu ɗaya da kanta za ta raka ni filin jirgi. Ta tura mini takardar aiki, ta fita.

Kaka uku na yi a jirgin nan bayan wannan, kuma duk abin da na samu a sana'ata daga baya, daga safiyar nan ya faro. Na gode wa Allah, na gode wa matar da ta koya mini aiki tana fushi da ni, da wadda ta ɗaura wa kasko jan zare. Amma dattijon nan ban san yadda ake gode masa ba. Na cuce shi a abin da ba ya dawowa, shi kuma ya duba cikin ɓarnar ya nemo mini dalilin zama. A ranar ma na fara yi masa godiya.

Shi bai ma lura ba, yana nan dai gaban allon. Ya miƙa yatsa ya taɓa gilashin daidai kunnen hagu, wanda na gina mata gashi bayan gashi.

Ya ce, "Wannan ka yi shi daidai. Na manta yadda yake."